Zobe Mai Giɓi

Shafi na 14

Masu aiko min da saƙo wai na bar ku a rataye, na ji ƙorafinku. Wuta aka ɗauke mana, ba jan rai ba ne. Wanda ya shigo yau kuma ga inda muke: a Diffa muke, shekarar 2007. Fatime da ƙanenta Tahiru suna santar, cibiyar koyon sana'a da aka buɗe wa yaran da tawaye ya raba da garuruwansu, ita tana koyon zane a ordinatar, wato kwamfuta, shi yana koyon rubuta wa na'ura umarni. Zanen Fatime ne matan koperatib na Geskeru suka zaɓa a manna a ledojin garin tattasansu. To, mu je.

*

Da azahar Fatime ta faɗo gida bakinta har kunne, leda ɗaya a hannunta ta ɗaga ta sama.

"Inna! Taso ki ga aikin ɗiyarki!"

Inna Hawa na durƙushe gaban murhu tana juya miyar kifi, ko waiwaye ba ta yi ba.

"Kullum aiki, kullum aiki. Har yau ko sabulu ban ga ordinatar ɗin nan ta haiho ba."

"Yau kam ta haihu. Dubi."

Ta miƙa mata ledar. Farar takarda ce manne a jiki, an rubuta TATTASAN MATAN GESKERU da jan rubutu. A tsakiya ga zanen: zobe mai ɗan giɓi a gefen dama, sanda a tsaye ƙarƙashinsa, sandar ta rabu uku a ƙasa kamar ƙafar hankaka.

Inna ta duba. Ludayin ya suɓuce mata ya nutse a tukunya.

"Wa ya nuna miki wannan?"

"Ba kowa. Madam, malamarmu, ta ce kowa shi zana abin da ke cikin ranshi, ni kuma..."

"Na ce wa ya nuna miki!"

Fatime ta ja da baya. Tun da take ba ta taɓa jin wannan muryar a bakin uwarta ba.

"Inna, a kaina yake tun ina ƙarama. Ina tuna wani dogon mutum yana ɗora ni a wuyan raƙumi, ina bin zanen da yatsa. Duk sa'ad da na yi miki zancen sai ki ce mafarki ne."

"Wannan ɗaya ce kuka buga?"

"Ɗaya kuma? Tun makon jiya suna kasuwa. Yau ma Tahiru ya kai musu wasu Geskeru."

Inna ta ɗora hannu biyu a ka. Ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi wa Fatime sauƙi. Fizgar ta kawai ta yi zuwa ɗaki, ta saki labule, ta ja ƙofar kwano ta rufe da rana tsaka.

"Zamna."

"Inna, kina ba ni tsoro."

"Gara ki ji shi. Ubanku ba Sule mai kihi ba ne. Babu wani Sule, ni na ƙirƙiro shi a bakin tasha ranar da muka sauka garin nan."

Fatime ta sulale ta zauna.

"Sunan ubanku Sallau. Makiyayi ne, can arewa da Ngigmi. Abin da kika zana shaidar raƙumanshi ce, wadda ake ɗora musu da ƙarhen lalas a wuya. Can wurinmu ba a tambayar sunan mutum, wuyan raƙuminshi ake dubawa."

"To mi ya sa kika ɓoye mana? Laihi ne mutum shi zama makiyayi?"

Inna ta runtse ido.

"Lokacin tawaye bindiga ta yi arha, kowa na da ita a kafaɗa. Wata rana aka yi gardama a bakin rijiya kan wanda za shi fara shayarwa. Magana ta yi zahi. Ubanki ya harbi wani saurayi."

"Ya mutu?"

"Nan take. Ɗan wani dattijo ne, Maina. Shi kaɗai gare shi namiji."

"Innalillahi..."

"Manya suka shiga, aka ce a biya diyya. Maina ya ce ba ya son raƙumi ko ɗaya, ɗa aka ɗauke mishi, ɗa za shi ɗauka. Ba a gama wannan ba faɗa ya iso mashekarinmu, ubanku ya mutu a ciki, kowa ya yi ta kanshi. Na goya Tahiru, na ja ki a hannu."

"Amma Inna, an yi sulhu tun tuni! An aje makamai, an yahe ma kowa."

"Gwamnati ta yahe abin da aka yi mata. Jinin ɗan Maina ba na gwamnati ba ne."

Sai a lokacin maganar ta sauka a zuciyar Fatime, tsoro ya kama ta tun daga tafin ƙafa. Tahiru! Yaron da ba shi da aiki sai zama gaban na'ura yana rubuta layukan da shi kaɗai da Madam ke ganewa, in abin ya yi daidai ya tashi yana tsalle har gilashinsa ya zame. Yaron da ko yankan kaza aka zo yi sai ya sami uzurin fita. Wai shi ake nema.

"Ina yake yanzu?" in ji Inna.

"In ya dawo daga Geskeru santar za shi wuce. Wajen la'asar."

"Kuma yau kasuwa, mutanen arewa sun shigo gari. Tashi ki tahi. Ki tare shi a hanya, kada ki bari shi shiga ko'ina. Ki ce ina kwance ba ni da lahiya, ki ce na mutu ma in ta kama. Tashi!"

*

Ba ta san ta fita da takalmi wari da wari ba sai a bakin titi.

Hanyar santar ta gefen kasuwa ta bi, kuma babu wata. Da safe da ta ratsa nan tsayawa ta dinga yi a gaban kowane tebur tana kallon ledojin, har tana ce wa masu sayarwa ita ta zana. Kai, Fatime, bakinki! Yanzu ga su nan a jere, teburin mai kayan miya, rumfar mai busasshen kifi, har wata yarinya ta ɗoro su a tire tana yawo da su. Duk inda ta juya zoben na nan yana kallonta. Ta ja gyale ta rufe rabin fuska, ta ƙara sauri.

Niyyarta ta tsaya a kwanar da masu kabu-kabu ke sauke mutanen Geskeru. Amma daga can ta hango abin da ya tsayar da ita cik. Raƙuma uku a guggurfane ƙarƙashin bishiyar bedin ƙofar santar. Samari biyu masu rawani suna zaune a gindinta, ba sa hira, ba sa shan shayi, ƙofa kawai suke kallo.

Ta juya za ta koma.

"Fatime! Yauwa, ga ta can! Zo mana, ke ake jira!"

Madam Zulaihatu ce ta leƙo ta taga tana yafito ta da hannu biyu. Malamarsu ce, Badamagariya, mace mai kirki da son ɗalibanta, amma a birni ta tashi. Ta san komai a cikin na'ura, wuyan raƙumi kuwa ba ta taɓa tsayawa ta duba ba.

Samarin suka juyo gaba ɗaya. Gudu yanzu tonon asiri ne, don haka Fatime ta ja ƙafa ta shiga.

Gurup, injin ba da wuta, na ta ruri a bayan ɗaki, fanka na juyawa, ɗalibai na gaban na'urorinsu. A kujerar Madam wani tsoho ne zaune, siriri, farin gemu, idonsa ɗaya ya yi fari da yana. Ledar tattasai na kan cinyarsa, ya dafe ta da tafin hannu.

"Baba, ga mai zanen," in ji Madam cike da alfahari. "Tun daga kasuwa ya biyo yana tambaya, Fatime. Kin ga abin da nike gaya muku? Aiki mai kyau shi ke kawo kiliyan, mai saye, da ƙafarshi. Baba, mi ma ka ce sunanka?"

"Maina."

Fatime ta dafa tebur. Ta durƙusa ta gaishe shi, muryarta kamar ta aro.

Ya amsa a tsanake da Hausarsa mai nauyi, ya tambayi gida, ya tambayi zafi, bai rage komai a gaisuwa ba. Wannan natsuwar tasa ta fi tsawa ban tsoro.

"Ɗiyata, ke kika yi wannan?"

"Ni ce, Baba."

"Ina kika gan shi?"

"A... a cikin ordinatar. Irin su da yawa a ciki. Zobe ne da sanda, kowa na iya haɗawa."

"To. Ni tsoho ne, ban san ƙarhen nasara ba. Haɗa in gani."

Madam ta ja mata kujera da murna, ita a zatonta ciniki ne ke tafe. Fatime ta zauna. Ta daure ta zaɓi zobe, ta ja shi. Ta sa sanda a ƙasa. Ta raba ƙafar uku.

"Ga shi, Baba. Ka gani, ba wani abu ba ne."

Tsohon ya taso. Ya matso har tana jin ƙamshin hayaƙi da nonon raƙumi a rigarsa. Ya ɗaga ledar ya kara ta a jikin allon, ya karkata kai yana dubawa da idonsa mai gani. Ya daɗe a haka.

"Na cikin ƙarhe a ruhe yake," ya ce. "Na takarda a buɗe."

"Kuskuren bugawa ne."

"Wane kuskure!" Madam ta yi dariya. "Baba, kada ta yi maka kunya. Da gangan ta bar giɓin nan. Ni da kaina na ce ta ruhe shi, ta ƙi, har muka yi gardama. Ta ce haka yake, in aka ruhe ba shi ba ne. Da hannunta ta goge wurin, ta..."

Idonta ya faɗa kan fuskar Fatime, sai maganar ta mutu a bakinta. Hawaye ne ke zuba, yarinyar ba ta ko ƙifta ido.

Masu danne-danne duk suka janye hannu.

Maina ya koma ya zauna, ya gyara rawaninsa.

"Madam, bari in ƙara miki karatu. Zobe da ƙafar hankaka shaidar dangi ce, gidaje da yawa suna da ita. Da shi kaɗai na gani da na sayi tattasaina na wuce. Amma na kowa a ruhe yake." Ya ɗora yatsa a kan giɓin. "Mutum ɗaya ne ƙarhenshi ya gutsure a nan. Ina wurin ranar da raƙumi ya taka shi a kan dutse. Na ce shi kai ma maƙeri, ya ce a bar shi, ya hi saurin gane nashi a cikin garke. Ordinatar ba ta san wannan ba."

Ya juyo ga Fatime.

"Ɗiyar wa ce ke?"

Ta so ta ce Sule. Sunan ya zo har bakinta, ta ga ba shi da sauran amfani.

"Ɗiyar Sallau ce."

"Madalla. Kin yi gaskiya. Ba ni da magana da mace, kada ki ji tsoro. Uwarki na raye?"

"Tana nan."

"Akwai yaro. Ina tuna shi, yana bin 'yan raƙuma ba wando."

"Ya rasu."

"Allahu akbar. Yaushe?"

"A hanya, muna gudu. Ƙyanda ce ta kama shi. Ni kaɗai na rage ma Inna."

Ta faɗa ne idonta a ƙasa, tana roƙon Allah a zuci kada ɗaya daga cikin ɗaliban ya buɗe baki. Duk sun san Tahiru, ga kujerarsa can a kusurwa, hularsa ma na rataye a jiki. Amma yaran nan kowannensu ya taɓa gudu da dare, kowannensu ya san irin tambayar da ba a amsawa. Ba wanda ya ɗaga kai. Allah ya yi musu albarka.

Madam ta matso gaban tsohon. Ta makara, amma ta gane.

"Baba, ka yi haƙuri, nan lakwal ce, wurin karatu. Yaran nan amana ce a hannuna. In akwai magana sai a je gaban manya, ko a kira jandarma."

"Na zagi wani, Madam?"

"A'a."

"Na taɓa wani?"

"A'a, amma..."

"To gaisuwa nike da ɗiyar maƙwabcina."

"Bari in duba gurup, kamar mai ya kusa ƙarewa."

Madam ta nufi ƙofa da sauri. Fatime ta san abin da take shirin yi, so take ta fita ta tare hanya. Ɗaya daga cikin samarin ya riga ya taso ya tsaya a bakin ƙofar. Ya ƙi matsawa.

"Mai bai ƙare ba," in ji Maina. "Kunnena na ji. Zamna, Madam."

Ta dawo ta tsaya a bayan Fatime, ta dafa kafaɗarta.

"Ɗiyata," tsohon ya ce a hankali, "shekara goma sha ban san barci ba. Uwar yarona ta mutu tana tambayata mi na yi. In ɗan Sallau ya mutu, Allah ya yanke tsakaninmu, in hau raƙumina in koma, har in sa miki albarka. Abu ɗaya nike so. Akwai Alƙur'ani a nan?"

Fatime ta ɗago ta dube shi, ya ci gaba.

"Ki dafa, ki ce Sallau bai bar ɗa namiji a duniya ba. Shi ke nan."

Rantsuwa da Alƙur'ani a kan ƙarya! Ta san abin da ake cewa yana samun mai yin haka. Ta kuma san abin da zai sami Tahiru in ta ƙi. Ta duba hannunta na dama, ta ji a ranta in dai hannu ne to ya shanye, in rai ne a ɗauki nata.

"A kawo," ta ce.

Maina ya zuba mata ido, har kamar ya fara yarda. Ya ɗaga ledar daga cinyarsa ya ajiye a tebur. Ya laluba sandarsa.

Sai ga ƙarar babur a waje.

Ya tsaya daidai ƙofa. Aka kashe. Fatime ta ji muryar da ta fi sani a duniya tana yi wa mai kabu-kabu tsiya kan ramukan hanyar Geskeru, ta ji yana gaida samarin, ta ji wanda ke bakin ƙofa ya matsa masa.

Ta miƙe zumbur har kujera ta faɗi.

"Kai! An tashi! Ba a karɓar baƙi yau, koma!"

Tahiru ya tsaya da ƙura har gira, jakar leda a kafaɗa, yana goge gilashinsa da bakin riga. Ya maida gilashin, ya dube ta, ya fashe da dariya.

"Baƙi? Yaya Fatime, lahiyarki kuwa? Ni ne fa. Albishirinki, matan Geskeru sun ce har 'yan Najeriya sun tsallako Komadugu suna neman mai zobe. Wallahi in Inna ta ji..."

Sai ya lura da shirun. Ya lura da tsohon. Yaro mai tarbiyya, nan da nan ya sauke jakarsa, ya ƙarasa, ya durƙusa ya miƙa hannu biyu.

"Sannu Baba, ban gan ka ba. Ina wuni?"

Maina ya karɓi hannun. Da ɗaya hannun ya zare gilashin daga fuskar yaron a hankali, ya ajiye a tebur, ya ɗaga haɓarsa zuwa hasken taga.

"Ɗan wa ne kai, samari?"

"Ɗan Sule mai kihi ne, Baba. Ya rasu."

"A'a." Muryar tsohon ta karye. "Wannan goshin ba na mai kihi ba ne. Ɗan Sallau ne kai. Nawa ɗan kamar shekarunka yake ranar da ubanka ya harbe shi."

Tahiru ya yi murmushin wanda bai gane ba, ya waiwayi yayarsa. Ya ɗan ja hannunsa.

Hannun bai fito ba.

Maina ya ɗaga murya ya faɗi kalma ɗaya da yarensu. Samarin biyu suka shigo, na bayan ya tura ƙofa.

Fatime ta ji ƙarar sakata.